Sauya birkin bayan ƙaramar mota daga ganga zuwa faifai: amfaninsa, haɗarinsa da yadda ake yin sa

Akasarin ƙananan motocin da ke zirga-zirga a titunan Najeriya, tun daga tasin da ke jigilar fasinja a Ibadan har zuwa motocin gida a Abuja da Jos da Fatakwal, na hannu ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da birki iri biyu: na faifai a tayoyin gaba, na ganga a tayoyin baya. Da yake manyan motoci masu tsada sukan zo da faifai a duka ƙafafu huɗu, sai tunani ya yaɗu cewa birkin ganga tsohon yayi ne, kuma duk wanda ya cire shi ya sa faifai motarsa za ta fi saurin tsayawa.

Wannan tunani yakan kai mutane kasuwannin kayan gyara irin su Ladipo a Legas, Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano, ko ƙauyen kanikawa na Apo a Abuja, neman kayan sauyin. Aikin yana yiwuwa, kuma idan aka yi shi bisa ƙa'ida yana da amfaninsa. Sai dai amfanin ba shi ne wanda mutane da dama ke zato ba. Abin da ya fi muhimmanci kuma shi ne, idan aka yi sauyin rabi da rabi, ana iya mayar da motar da ke tsayawa lafiya ta koma wadda ke juya wa direbanta a ranar da ya taka birki da ƙarfi.

Yadda kowane birki yake aiki

Idan direba ya taka feda, ƙafarsa tana tura fistin a cikin babbar silindar birki, wadda kanikawa ke kira masta. Mastan yana matsa man birki ta cikin siraran bututu zuwa ƙafafu huɗu. Daga nan ne hanyoyin biyu suka rabu.

Birkin ganga, wanda a gareji ake ce wa diram, kwano ne na ƙarfe da ke juyawa tare da taya. A cikinsa akwai lanƙwasassun ƙarafa biyu masu lainin a bayansu, waɗanda ake kira takalman birki. Idan mai ya iso, wata ƙaramar silinda tana buɗe takalman su goga cikin kwanon. Idan aka ɗaga ƙafa, sifirin ya janyo su baya. Wannan tsari yana da wata baiwa ta musamman: juyawar kwanon kanta tana jan takalmi ɗaya tana ƙara cusa shi a jikin ƙarfen, ta yadda da ɗan matsi kaɗan ake samun riƙo mai ƙarfi.

Birkin faifai kuwa shimfiɗaɗɗen ƙarfe ne zagayayye da ke juyawa a sarari, iska na kaɗa shi. Wani muƙamuƙin ƙarfe da ake kira kalifa yana rungume da gefensa, ɗauke da fad guda biyu. Idan mai ya tura fistin ɗin kalifa, sai fad ɗin su matse faifan daga ɓangarori biyu, kamar yadda mutum zai matse faranti tsakanin yatsunsa. A nan babu taimakon da juyawa ke bayarwa, saboda haka faifai yana buƙatar matsin mai fiye da na ganga kafin ya ba da riƙo iri ɗaya. A riƙe wannan bambanci, domin a kansa ne yawancin matsalolin sauyin suke tasowa.

Ta fuskar tarihi, kusan sa'annin juna ne. A shekarar 1902 Louis Renault ya fito da birkin ganga na zamani a Faransa, a cikin shekarar ce kuma Frederick Lanchester ya yi rajistar ƙirar birkin faifai a Ingila. Ganga ce ta mamaye kasuwa tsawon rabin ƙarni, har sai da motar Jaguar mai birkin faifai na kamfanin Dunlop ta lashe tseren sa'o'i 24 na Le Mans a 1953. Bayan shekaru biyu Citroën DS ta fito da faifai a gaba, sannan a 1962 ƙaramar mota Renault 8 ta zo da shi a duka ƙafafu huɗu.

Dalilin da ya sa kamfanoni ke barin ganga a baya

Duk wanda ya taɓa zama a mota ya san cewa idan aka taka birki, jiki yakan tafi gaba, hancin motar kuma ya sunkuya. Nauyin motar ne ke komawa kan tayoyin gaba, na baya su yi sauƙi. A ƙaramar mota mai inji da giya a gaba, dama can gaban ya fi nauyi. Shi ya sa birkin gaba ke ɗaukar kusan kashi 70 cikin 100 na aikin tsayar da mota, wani lokaci ma fiye da haka idan direba ne kaɗai a ciki. Abin da ya rage wa na baya kaɗan ne, kuma ganga tana iya yin sa ba tare da wahala ba.

Akwai wasu dalilan. Ganga ta fi arha wajen ƙerawa. Birkin hannu ya fi sauƙin haɗawa da ita, kuma ya fi riƙe mota a kan gangara. Da yake a rufe take, yashi da taɓo da tsakuwa ba sa isa ga lainin cikin sauƙi, abin da ke da muhimmanci ga mai bin hanyoyin karkara. Takalmanta kuma sukan daɗe ƙwarai, har a canja fad ɗin gaba sau biyu ko uku kafin a taɓa su. Hatta a wannan zamani, kamfanin Volkswagen ya sa ganga a bayan motocinsa masu lantarki, ID.3 da ID.4, domin injin lantarkin ne ke yin yawancin aikin rage gudu, kuma faifan da ba a yawan amfani da shi tsatsa yake yi.

Abin da sauyin ke kawowa

Aikin birki shi ne mayar da ƙarfin gudu ya zama zafi. Motar da nauyinta ya kai kilo 1,000, idan tana gudun kilomita 100 a sa'a aka tsayar da ita cak, zafin da birkinta zai haɗiya cikin 'yan daƙiƙu ya isa ya kai lita ɗaya ta ruwa ga tafasa, har da saura. Idan aka ninka gudun, zafin sau huɗu yake ninkuwa. Tsayawa ɗaya ba ta gagari kowane irin birki ba. Matsalar tana zuwa ne idan aka yi ta takawa ba hutu, kamar a gangaren Hawan Kibo da ke kan hanyar Jos, ko a saukowa daga tsaunin Mambila da mota cike da fasinja da kaya.

A irin wannan wuri faifai ya fi ganga nesa ba kusa ba. Ganga tana riƙe zafi a cikinta, kuma idan ta yi zafi sai ta buɗe, ta yi nisa da takalman, feda ta riƙa nutsewa ƙasa, riƙo ya ragu. Faifai yana zubar da zafinsa ga iska, idan ya kumbura ma kusantar fad yake yi. Haka nan a lokacin damina, idan mota ta ratsa ruwan da ya kwanta a titi, faifai yana watsar da ruwan cikin 'yan juyi, ganga kuwa takan riƙe shi na ɗan lokaci, birkin ya yi santsi.

Amfani na uku shi ne sauƙin kulawa. Da an cire taya ana ganin kaurin fad da ido, kuma canja shi aikin 'yan mintoci ne. Kalifa tana daidaita kanta yayin da fad ke cinyewa. A ganga kuwa, na'urar da ke matso da takalman takan maƙale saboda ƙura da tsatsa, sai fedar ta yi ta tsawo ba tare da mai motar ya san dalili ba.

Abin da sauyin ba ya kawowa

Tazarar da mota ke ci kafin ta tsaya a takawa ɗaya ta gaggawa, wadda ita ce ke raba direba da haɗari, ba ta dogara da irin birkin baya ba. Ta dogara ne da riƙon da ke tsakanin taya da kwalta. Birkin ganga mai lafiya yana da ƙarfin da zai kulle tayar baya ta daina juyawa gaba ɗaya. Tun da haka ne, ƙara masa ƙarfi ba zai ƙara komai ba, domin tayar ta riga ta kai iyakar abin da za ta iya riƙewa.

A gudun kilomita 100 a sa'a, mota tana cin kusan mita 28 a cikin daƙiƙa ɗaya da direba ke ɗauka kafin ƙafarsa ta isa feda. Daga nan, a busasshiyar kwalta da tayoyi masu kyau, tana buƙatar kimanin mita 40 zuwa 50 kafin ta tsaya. A jiƙaƙƙen titi da suɗaɗɗun tayoyi, tazarar tana iya ninkuwa. Wannan ne ya sa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta daɗe tana jan hankalin direbobi kan tsofaffin tayoyi. Wanda ya kashe kuɗinsa kan faifan baya alhali tayoyinsa sun suɗe, bai rage ko taku ɗaya daga wannan tazara ba.

Daidaito tsakanin gaba da baya

Nan ne haɗarin yake. Injiniyoyin da suka ƙera mota sun auna yadda za a raba ƙarfin birki tsakanin gaba da baya ta yadda, idan taya za ta kulle, ta gaba ce za ta fara. Ƙa'idar birkin ƙananan motoci ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 13-H, wadda ƙasashen Turai da Japan ke aiki da ita, a kan wannan manufa aka gina ta. Dalilin shi ne, tayar da ta kulle ba ta iya riƙe mota daga zamewa gefe. Idan na gaba suka kulle, motar za ta tafi miƙe, sitiyari ya daina aiki, amma da direba ya ɗan sassauta ƙafa sai komai ya dawo. Idan na baya suka riga kullewa, bayan motar ne zai zame ya nemi wuce gaba, motar ta juya ta tare hanya ko ta faɗa gefen titi, sau da yawa kafin direban ya gane abin da ke faruwa.

Domin hana haka, ana sa wani bawul a hanyar man da ke zuwa baya, wanda ke rage matsin idan an taka birki da ƙarfi. A wasu motocin bawul ɗin yana haɗe da aksil ɗin baya ta hanyar sifirin, yana jin nauyin da aka ɗora wa mota: idan ta cika da kaya ya saki mai da yawa, idan babu kowa a baya ya rage. An auna wannan bawul ne daidai da buƙatar ganga. Idan aka sa faifai aka bar shi yadda yake, mai yiwuwa matsin da ke isa kalifa ya gaza, birkin baya ya zama kusan ado, aikin duka ya koma kan na gaba har su yi zafi fiye da da. Idan kuma bakanike ya ga haka ya cire bawul ɗin ya haɗa bututu kai tsaye, ko ya ɗauko kalifar babbar mota ya ɗaura, sai tayoyin baya su riƙa riga na gaba kullewa. Garin gyaran gira an rasa ido ke nan. Abin da ya ƙara munin wannan kuskure shi ne, a tuƙin yau da kullum ba ya bayyana. Sai ranar da aka yi ruwa, ko yaro ya gitta, aka taka birki har ƙasa.

Akwai wani ƙaramin bawul kuma da ake samu a wasu tsofaffin motoci masu ganga, wanda ke barin ɗan matsi a cikin bututu ko da an ɗaga ƙafa. Ga ganga wannan ba laifi ba ne, domin sifirin ɗinta ya fi ƙarfin matsin. Kalifa ba ta da irin wannan sifirin, don haka fad zai ci gaba da goga faifai, taya ta yi zafi, mota ta ƙara shan mai, fad ya ƙare kafin lokacinsa. Dole a cire shi.

Shi ma masta sai an duba shi. Fistin ɗin kalifa ya fi na silindar ganga faɗi, yana kuma shan mai da yawa. Idan mastan ƙarami ne, feda za ta yi nisa kafin birki ya kama.

A motocin da ke da na'urar hana kullewar taya, wato ABS, lamarin ya ƙara sarƙewa. Kowace ƙafa tana da zobe mai haƙora da wata na'ura da ke ƙirga juyinsa. Idan sabon zoben bai yi daidai da tsohon ba, kwamfutar motar za ta ga kamar tayoyin ba gudu ɗaya suke yi ba, ta kunna fitilar gargaɗi ta kashe kanta. A motoci da yawa da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1990, wannan kwamfuta ce ke raba ƙarfin birki tsakanin gaba da baya, babu wani bawul na daban. Idan ta daina aiki, babu abin da ya rage da zai hana tayoyin baya kullewa.

Kayan da aikin ke buƙata

Hanya mafi aminci ita ce a samo kayan daga 'yar uwar motar, wato ƙira ɗaya, zamani ɗaya, wadda kamfanin da kansa ya fitar da faifai a bayanta. Kamfanoni sukan yi hakan ga nau'in da ke da babban inji. Toyota Corolla ta Amurka ta shekarun 2003 zuwa 2008 tana da ganga a baya, amma nau'inta na XRS yana da faifai. Peugeot 206 mai ƙaramin inji ganga ce, nau'in GTi faifai. Honda Civic ta shekarun 1990 ana ɗauko mata hannayen baya gaba ɗaya daga nau'inta mai faifai ko daga Integra.

Misali mafi kusa shi ne Volkswagen Golf 3, wadda aka fara ƙerawa a 1991, kuma har yau tana cikin motocin haya da aka fi gani a hanyoyin ƙasar nan. A wannan mota, guntun ƙarfen da tayar baya ke juyawa a kansa an ɗaure shi ne a jikin aksil da kusoshi huɗu. Na mota mai faifai yana da kunnuwa biyu inda mariƙin kalifa ke zama, na mai ganga ba shi da su. Saboda haka jerin kayan ya haɗa da waɗannan guntayen ƙarafa biyu, mariƙan kalifa, kalifa ta hagu da ta dama, faifai biyu masu faɗin milimita 226, sababbin boris da robobinsu domin a cikin faifan suke zama, farantan kare ƙura, fad, tiyo da bututun mai, wayoyin birkin hannu na mota mai faifai, da kuma bawul ɗin raba matsi na irin wannan motar. A lura kuma cewa Golf 3 ta gama-gari tana da ramukan wili huɗu, yayin da VR6 da yawancin GTI ke da biyar. Wanda ya sayo faifai mai rami biyar, wilinsa ba zai hau ba.

Wajen saye, akwai abin da na hannu ya wadatar, akwai wanda dole ya zama sabo. Ƙarafan da ba sa cinyewa, kamar mariƙin kalifa, ana iya sayen na hannu muddin ba su lanƙwashe ko tsage ba. Kalifa ta hannu sai an gwada fistin ɗinta da hannun birkin hannunta, domin a nan ne tsofaffin kalifofin baya suka fi maƙalewa, kuma ya kamata a sauya robobinta. Faifai yana da mafi ƙarancin kauri da aka buga a gefensa, wanda ya kai wannan iyaka ya gama aiki. Fad, boris, tiyo da man birki kuwa sababbi ake sa wa. Haka kuma a gwada wili a kan kalifa tun kafin a biya kuɗi, domin ƙaramin wili mai inci 13 ba kowace kalifa yake rufewa ba.

Idan motar ba ta da 'yar uwa mai faifai, sai a yi hattara sosai. Abin da wasu ke yi shi ne su yanko ƙarfe su yi masa walda a jikin aksil domin ya riƙe kalifa. Wannan mariƙi shi ne ke ɗaukar dukkan ƙarfin birkin ƙafar. Idan ya karkace ko da kaɗan, fad zai ci gefe ɗaya. Idan waldar ta tsage a kan gudu, kalifa za ta fizge ta tsinka tiyon mai. A ƙasa irin Jamus, duk wanda ya yi irin wannan sauyi sai masu binciken motoci sun duba sun amince an rubuta a takardun motar, in ba haka ba izinin hawanta titi ya faɗi.

Yadda ake gudanar da aikin

Ana fara aikin ne a shimfiɗaɗɗen wuri, a tokare tayoyin gaba, a ɗaga bayan motar a ɗora ta kan tsayayyun matokarai na ƙarfe. Jak shi kaɗai ba abin dogaro ba ne ga wanda zai sa hannu ko kai a ƙarƙashin mota. Idan aka buɗe ganga, kada a hure ƙurar cikinta da iska, domin tsofaffin lainin da wasu masu arha suna ɗauke da sinadarin asbestos mai lalata huhu. A jiƙa ta a goge.

Bayan an kwance ganga da takalma da farantin da ke riƙe su, sai a kankare tsatsar fuskar aksil sarai kafin a ɗaura sababbin ƙarafa, domin ɗan datti a wurin yana sa faifai ya riƙa rawa. A ɗaure kusoshi da sifana mai auna ƙarfi gwargwadon abin da littafin motar ya tanada. Sabon faifai yana zuwa da man hana tsatsa a jikinsa, dole a wanke shi tas kafin fad ya taɓa shi.

Akwai kurakurai uku da ke yawan aukuwa. Na farko shi ne musanya kalifar hagu da ta dama. Kowace kalifa tana da ɗan noti na fitar da iska, kuma wajibi ne ya kasance a sama, tun da iska sama take tashi. Idan ya koma ƙasa, ko an kwana ana fitar da iska feda ba za ta yi tauri ba. Na biyu shi ne danna fistin ɗin kalifar baya da ƙarfi kamar na gaba. A kalifar da birkin hannu ke cikinta, fistin ɗin a kan zare yake, murɗa shi ake yi yana shiga, dannawa kawai lalata shi take yi. Na uku shi ne barin tiyo yana goga taya ko sifirin, ko kuma ya yi gajarta har ya miƙe idan ƙafar ta sauka cikin rami.

Daga nan sai fitar da iska daga dukkan ƙafafu huɗu da sabon mai, bisa jerin da kamfanin motar ya tsara. Man birki yana shan danshi daga iska. Sabon mai nau'in DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai digiri 230 a ma'aunin Selsiyos, amma idan ya sha ruwa yana iya saukowa zuwa 155, shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a canja shi duk shekara biyu. Kada a gauraya shi da DOT 5, wanda haɗinsa daban ne. Birkin hannu shi ne na ƙarshe: a taka feda sau da dama fad ya zauna, sannan a daidaita wayar, a tabbatar taya tana juyawa sakayau idan an sauke hannun.

Gwaji kafin a hau babban titi

Aiki bai kammala ba sai an gwada. Da farko, mota na tsaye, a danne feda da ƙarfi na kimanin rabin minti. Idan tana nutsewa a hankali, akwai yoyo ko mastan ya gaji. Sannan a nemi fili ko hanyar da babu mutane, a fara da gudu kaɗan. A kan ƙasa mai tsakuwa, a gudun da bai wuce kilomita 30 a sa'a ba, a taka birki da ƙarfi yayin da wani ke tsaye a gefe nesa yana kallon tayoyin. A motar da ba ta da ABS, na gaba ne ya kamata su fara kullewa. A yi gwajin da direba shi kaɗai a ciki, domin a lokacin ne baya ya fi sauƙi kuma ya fi saurin kullewa, sannan a maimaita da kaya. Inda ake da cibiyar binciken motoci mai na'urar auna ƙarfin birkin kowace ƙafa, kamar waɗanda ke Legas da Abuja, zuwa can ya fi kowane gwajin ido.

Bayan ɗan tuƙi, a kusantar da hannu ga wilin baya ba tare da an taɓa faifan ba. Idan ɗaya ya fi ɗaya zafi sosai, kalifar tana riƙewa. Sababbin fad da faifai suna buƙatar tafiyar kilomita 200 zuwa 300 ta tuƙi cikin natsuwa kafin su zauna da juna. Mai inshorar da ta ƙunshi lalacewar motarsa kuma ya kyautu ya sanar da kamfanin inshorar sauyin da ya yi.

Wa sauyin ya dace da shi

Direban da ke yawan bin hanyoyi masu tsaunuka da mota cike, ko wanda ya ƙara wa injinsa ƙarfi, ko wanda gangunansa suka cinye har suka wuce iyaka kuma ya samu cikakkun kayan 'yar uwar motarsa a wuri ɗaya, yana da hujjar yin sauyin, da sharaɗin ya haɗa da bawul da wayoyin birkin hannu, ya kuma ba bakaniken da ya fahimci batun daidaito.

Ga mai motar da ke kai yara makaranta ya wuce ofis, abin da yake ji a matsayin raunin birki galibi daga wani wuri yake fitowa: takalman da ba a daidaita ba, silindar baya mai yoyo da ta jiƙa lainin da mai, man birkin da ya shekara biyar ba a canja ba, tsohon tiyo da ke kumbura, fad na jabu a gaba, ko tayoyin da suka daɗe. Shekarun taya suna rubuce a gefenta da lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Gyara waɗannan bai kai kuɗin sauyin ba, kuma shi ne ke rage tazarar tsayawa a zahiri. A doguwar gangara kuma, sauko da giya zuwa ta biyu ko ta uku domin inji ya riƙe motar yana kare birki daga zafi, ko ganga ce a baya ko faifai.